Yadda Ake Tafiya da Ƙaramin Babur ta Hanyoyin Ƙauye

Babur irin Bajaj Boxer mai injin cc 100 ba a ƙera shi don gogayya da tireloli ba. A titin Kano zuwa Zariya, iskar tankar mai kaɗai in ta gifta ka sai ta girgiza mashin ɗin, ga motocin haya masu gudun wuce sa'a. Hanyar cikin ƙauyuka ta fi nisa, amma ita ce daidai ƙarfin babur ɗinka. Sai dai ita ma tana da nata ƙa'idojin.

1. Yi tambaya kafin ka tashi. Matambayi ba ya ɓata. 'Yan acaɓar yankin sun fi taswirar waya sanin gadar da ta karye, da hanyar da ba ta da tsaro, da inda hukuma ta hana hawa babur. Rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a takarda, domin sabis na ɗaukewa a daji. San ranakun kasuwa: Juma'a hanyoyin Wudil cike suke da shanu da amalanke, haka na Maigatari ranar Alhamis.

2. Duba mashin. Auna baƙin mai, gwada burki gaba da baya, ɗaure sarƙa in ta saki ka sa mata mai, ka tabbata fitila da oda suna aiki. Riƙe fulogi sabo, sifana, tif da ƙaramin famfo, don mai faci na iya yin nisa. Cika tanki a gidan mai. In dole ta sa ka saya wurin 'yan bumburutu, tace man da tsumma mai tsabta.

3. Sa hular kwano, takalmi rufaffe da riga mai kauri. Babbar riga kuwa a tattare ta, kada ta shiga taya.

4. Karanta ƙasa, nan ne gwanintar take. A rairayi, koma giya ta biyu, riƙe totur daidai wa daida, sassauta hannu a kan babur, ka dubi gaba can, ba gindin taya ba. Kada ka damƙe burkin gaba, nan take zai kayar da kai. A burji, tsakuwa na zamewa a kwana, don haka rage gudu tun kafin ka shiga. A taɓo, bi sawun da wasu suka bari.

5. Kada ka faɗa ruwan da ba ka san zurfinsa ba. Sauka ka gwada da sanda. In zai rufe salansa, ko yana gudu da ƙarfi, ka jira ko ka juya. Bayan ka haye, tattaka burki har ya bushe.

6. Girmama masu hanya. In garke na tsallaka burtali, tsaya ka rage ƙarar inji, kada ka danna oda. Cikin gari yi tafiya a hankali, yara da awaki kan fito ba zato. Yi wa dattawa sallama, su ne za su taimake ka in mashin ya lalace.

7. Tashi da sassafe, ka huta in inji ya yi zafi, ka sanar da na gida hanyar da ka bi. In magariba ta riske ka, nemi masauki wurin mai gari ka kwana, da safe ka ci gaba.