Amsoshin Tambayoyinku: Manomi da Inshorar Lafiya

Wani mai sauraronmu daga Gwiwa yana tambaya, wai shin manomin da ba ya ɗaukar albashi yana da rabo a inshorar lafiya?

To Malam, a takarda dai yana da shi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar ga kowa. A Jigawa, hukumar JICHMA ce ke yi wa marasa ƙarfi rajista.

Sai dai guraben rajistar ba su kai yawan mabuƙata ba. Ma'aikaci ana cire masa kuɗin inshorar daga albashi. Manomin Roni ko Babura kuwa, da an ce tiyata a Babban Asibitin Kazaure, sai akuya ko buhun gero ya tafi kasuwa, wani lokacin ma ciwo ya riga ya ci jiki. Gyaran da muke gani ba ya jira shi ne a ƙara guraben, a kuma bar manomi ya biya nasa da kaka.

Kafin nan, ka ɗauki lambarka ta NIN ka je asibitin mazaɓarku, ka tambayi lokacin rajista.