Gidan Makama: Darasin Kimiyya a Cikin Ginin Ƙasa

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa duk a ƙarƙashin Kano suke. Saboda haka ɗalibin wannan yanki da ya ziyarci Gidan Makama bai je baƙon wuri ba. Tarihin baka ya nuna an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka mai da shi ofishin mulki. Daga baya wani sashensa ya zama makaranta, yau kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Abin tambaya shi ne, yaya ginin ƙasa ya jure wa damina da gara tsawon wannan zamani? Gyara a kai a kai ya taimaka, amma rabin amsar tana wajen tsirrai.

Mu fara da rufi. Azara daga giginya ake tsago ta. Giginya tana da namiji da tamata a bishiya dabam-dabam, magina kuwa sun fi son namijin. Ƙarfin giginya a gefen gangar jikinta yake, inda zaruruwa masu tauri suka cunkushe, cikinta kuwa taushi gare shi. Wannan tauri ne ke sa gara ba ta cin azara da sauƙi. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta kai mita 2. Don haka magina suka ƙago bakan gizo: a jera azara hawa-hawa daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Da haka ake samun soro mai faɗi ba ginshiƙi.

Sai kare bango daga ruwa. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. Tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke ƙara wa yaɓe ƙarfi, ya rage shan ruwansa. Laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara. Gashin yana riƙe yaɓen kada ya tsage, dafara kuma tana ba shi danƙo.

Na uku shi ne kaurin bango. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Zafin rana yakan yi sa'o'i kafin ya ratsa tubali, sai dare ya yi sannan ya isa ciki. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗumi a daren hunturu.

Yau wannan ilmi yana cikin haɗari. Ana sare giginya, ana cinye muruci, alhali bishiyar tana shekaru masu yawa kafin ta isa yin azara. Wasu kuma sukan shafe tsohon bango da siminti da nufin gyara, sai danshi ya maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe, simintin ya ɓamɓare.

Ga aiki ga malamai da ɗalibai. Ku nemi tsohon soro a garinku, ko na hakimi ko na dagaci, ku nemi izini. Ku auna zafinsa da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, ku kwatanta da ajinku mai rufin kwano. Sannan ku tambayi dattawan magina inda suke samo azara a da, da inda ake samunta yanzu, ku rubuta amsarsu.