Yadda Ake Tare Gobara a Gefen Tagogin Gidajen Katako

Wani mai sauraro daga Zinder ya tambaya: yaya Turawa ke hana wuta cinye gidajensu na katako?

To, a Birtaniya, musamman Scotland, gidaje da yawa da katako ake haɗa ƙashinsu, sannan a yi musu rigar bulo daga waje. Tsakanin bulon da katakon akan bar rata ta kimanin milimita 50 saboda danshi. Matsalar ita ce, in wuta ta ɓullo ta taga, wannan ratar kan zuƙe ta sama kamar bututun hayaƙi.

Shi ya sa dokar gini ta Ingila ta wajabta toshe ratar a kewayen kowace taga. An yarda a sa katako mai kaurin milimita 38, ko ƙarfe, ko audugar dutse da aka danna sosai. Akwai kuma wani zirin da zafi ke kumburawa ya rufe hanyar.

A watan Satumba na 2019, gobara ta lashe Richmond House, wani benen katako a Worcester Park da ke Landan. Bincike ya gano cewa ba a girka matoshan daidai ba.