GYARAN KAN INJIN TSOHON BABUR

Manomi mai hankali ba ya bari sai ruwan shuka ya sauka sa'an nan ya kai garmarsa maƙera. Haka ma mai babur. Rani shi ne lokacin da za a zauna a duba injin, tun hanya ba ta yi caɓi ba, tun kuma ba a shiga jigilar taki da iri ba.

Za a ɗauki misali da wani tsohon babur na Ingila, BSA Bantam, domin injinsa ba shi da wuyar ganewa. Kamfanin BSA na birnin Bamingam, wanda asalinsa maƙeran bindiga ne, shi ya yi ta ƙera shi daga 1948 har 1971. Fasalin injin kuwa na Jamus ne, na wani babur DKW RT 125, wanda aka karɓe daga Jamusawa a matsayin diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bantam sunan wata irin ƙaramar kaza ne, ya kuwa ci sunansa. Gidan waya na Ingila ya daɗe yana ba yara masu rarraba telegiram shi. Wanda bai taɓa ganinsa ba kada ya ce karatun ba nasa ba ne, gama ƙaramin janareto da injin feshi na goyo, duk waɗanda ake garwaya musu baƙin mai a cikin fetur, cikinsu kusan ɗaya ne da shi.

Irin wannan inji ba shi da bawul. Kansa abu huɗu ne kawai: murfi, da silinda, da fistan, da ringi. Tun da yake man da ke cikin fetur yana ƙonewa, kunkunniya takan taru a kan fistan da ƙofar fitar hayaƙi har ta shaƙe ta. Ƙura kuma tana shiga tare da iska tana goge silinda kamar dutsen wāshi. Alamun su ne babur ya ƙi hawan tudu da kaya, ya yi wuyar tashi da safe, in an taka kika a ji ta tafi salalo ba nauyi.

To, kafin a taɓa noti ko ɗaya, a wanke injin da kananzir, a shimfiɗa tabarma a ɗaki ko zaure inda iska ba ta kawo rairayi. A nemi sifana wadda ta dace. Notocin tsofaffin baburan Ingila awon inci ne na Whitworth da danginsa, sifanar milimita ta kasuwa ba ta kama su daidai, sai ta cinye kusurwar noti ta bar mutum da jangwam.

A cire fulogi da kafireto da bututun salansa. A sassauta notoci huɗu na murfi kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi. A sauko da fistan ƙasa, a ɗaga silinda a hankali. Da ta ɗan rabu da gindin inji, a cusa tsumma mai tsabta a bakin ramin. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi tsada, domin in guntun ringi ko kilif ya faɗa ciki, aikin yini ɗaya ya zama na raba inji biyu.

A yi wa fistan alama ta ciki, a san gabansa da bayansa. A cire kilif ɗin da ke tare fil, a naɗe fistan da tsumman da aka tsoma a ruwan zafi, fil zai fita da turi kaɗan. Ba a bugunsa da guduma, sandar da ke riƙe da fistan tana iya lanƙwashewa. Kunkunniya kuwa da guntun itace mai tauri ake kankare ta. Wasu sukan jiƙa salansa a ruwan sodar sabulu, wannan ba laifi ga baƙin ƙarfe, amma kada soda ta taɓa fistan ko wani abu na alminiyam, cinye shi take yi.

Yanzu aka zo inda kuɗi ke salwanta. Mutane da yawa da sun buɗe inji sai kasuwa, su sayo sabon ringi su sa a tsohuwar silinda, bayan wata biyu a koma gidan jiya. A auna tukuna. A shafa farce a cikin silinda ta sama, inda ringi ke tsayawa. In farce ya kama wani ɗan tudu sosai, ko akwai zane mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, sabon ringi ba zai yi magani ba. Sai a kai wa masu injin borin su faɗaɗa ta, a sa fistan na gaba da shi a girma, watau mai ƙarin kashi 20 ko 40 cikin 1000 na inci. A fara samun fistan ɗin a hannu, a kai su tare, domin da shi za su auna. A kuma roƙe su su dasashe kaifin bakin ƙofofin silinda, in ba haka ba ringi yakan sarƙe ya karye.

In silinda lafiya take, a sa ringi shi kaɗai a ciki, a tura shi da fistan ya zauna daidai, a auna tsakanin bakinsa biyu da ma'aunin nan mai ganyayen ƙarfe sirara. A Bantam na fari, mai faɗin silinda milimita 52, kimanin kwatan milimita ake so. In ya ninka haka sau uku, ringi ya ƙare. In sabo ne ya matse, a rage bakin da fayil, domin ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, in bai sami wuri ba sai inji ya kama. A kuma riƙe sandar fistan a ja sama a tura ƙasa. Motsin gefe kaɗan ba kome, amma in ta yi ƙwas ƙwas sama da ƙasa, ciwon ya wuce kai, sai bakanike.

Wajen mayarwa a sa sabon kilif da sabon gasket na gindi, a shafe kome da baƙin mai. A cikin kowane kwarin ringi akwai ɗan ƙaramin ƙusa. Dole bakin ringi ya zauna a kansa, shi ke hana ringi juyawa ya faɗa ƙofa. In silinda ta ƙi sauka, kada a danna, ringi ne ya hau ƙusar. A cire tsumman nan, a ɗaure murfi yadda aka kwance shi, noti da na daura da shi.

Bantam na fari kimanin kashi 1 na mai ga kashi 20 na fetur aka ƙayyade masa. A auna da gwangwani, a girgiza a galan kafin a zuba a tanki. Mil 500 na farko a tafi sannu, ba goyo, ba buhun hatsi, a kuma sake ɗaure notocin murfi bayan tafiyar fari in inji ya huce. Rariyar iska da ke bakin kafireto a riƙa wanke ta da fetur ana ɗiga mata mai kowane mako muddin hunturu na busawa.