Na cire VLC na sake sawa, amma hoto bai dawo ba

Ina da kwamfuta mai Windows 10 da nake kallon darussan bidiyo da ita. Tun da ƙanena ya tattaɓa saitin VLC, in na buɗe bidiyo sai murya ta fito, hoto kuwa baƙi ƙirin. Na cire manhajar na sake sawa, ba ta canza zani ba. Wani mai gyara ya ce sai an goge kwamfutar gaba ɗaya, ga shi duk takarduna na makaranta suna ciki. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Ɗalibi daga Zariya

Ɗan'uwa, kada ka yarda a goge maka kwamfuta saboda wannan. Yana ba ni takaici yadda ɗalibai ke asarar aikinsu a kan matsalar da ba ta kai ta kawo ba.

Ba koyaushe cire manhaja ke tafiya da saitinta ba. VLC tana ajiye nata a wani fayil mai suna vlcrc, cikin foldar AppData wadda Windows ke ɓoyewa. Da ka sake sawa, sai sabuwar ta tarar da saitin da ƙanenka ya lalata, ta ɗora a kai.

Fara da mai sauƙi. Buɗe VLC, shiga Tools, sai Preferences, ka danna Reset Preferences. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

In bai yi ba, ka cire ta ta hanyar Settings, sashen Apps. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata%, ka nemo folda mai suna vlc ka share ta. Ita kaɗai, don sauran foldojin da ke wurin na wasu manhajoji ne. Leƙa Program Files ma, in foldar VideoLAN ta rage ka share. Kashe kwamfutar ka kunna, ka sauke sabuwa daga videolan.org, kyauta ce. Ka guji manhajojin da ke alkawarin share rijistar Windows, ɓarnarsu ta fi gyaransu.

Idan har yanzu hoto bai fito ba, koma Preferences, sashen Input/Codecs, ka kashe Hardware-accelerated decoding, domin wani lokaci direban hoton kwamfutar ne ya tsufa.

Kafin ka taɓa komai, kwafe takardunka a filas. Ka sake rubuto mana mu ji yadda aka kwana. Allah ya ba da sa'ar karatu.