Darasinmu Na Wannan Wata: Zaɓen 'Ya'yan Kifi Masu Lafiya

Jama'a, kiwon kifi a gida sana'a ce mai riba. Ana yin sa a tankin siminti ko a ramin da aka haƙa a fadama. Kifin da aka fi kiwo a ƙasarmu shi ne tarwaɗa. Idan ta sami abinci da ruwa mai tsabta, takan kai kilo 1 cikin kamar wata 6.

Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya sayi 'ya'yan kifi marasa lafiya, ya yi asarar kuɗin iri da na abinci. Saboda haka kada ka biya sai ka duba abubuwan nan:

1. Iyo. Ɗan kifi mai lafiya yana da kuzari. Idan ka kai hannu, sai ya gudu. Wanda ya tsaya a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ya ƙi motsi, ba shi da lafiya.

2. Jiki. Kada ka ɗauki mai gyambo, ko mai farin tabo, ko mai kumburin ciki. Ka duba gashin bakinsa, kada ya zama ya gutsure.

3. Ƙira. Mai ƙaton kai da siririn jiki yunwa ta tsumburar da shi. Ba zai yi saurin girma ba.

4. Girma. Ka zaɓi masu kai ɗaya, tsawon ɗan yatsa ko fiye. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Idan ka haɗa manya da ƙanana, manyan za su cinye ƙananan.

5. Asali. Ka saya a wurin da ake ƙyanƙyasar kifi. Waɗanda aka kamo a rafi ba a san shekarunsu ba, kuma sukan zo da cuta. Araha ba ta ado.

Ranar ɗauka, ka je da sassafe ko da yamma, lokacin da babu zafin rana. Ka roƙi mai sayarwa ya daina ba su abinci kwana 1 kafin ranar, don kada su ɓata ruwan a hanya.

In ka iso gida, kada ka juye su nan take. Ka ajiye mazubin a cikin ruwan tankin kamar minti 20. Ka riƙa zuba masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan. Sannan ka karkata shi, su fita da kansu.

Don ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta tarayya a New Bussa, Jihar Neja.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a haɗa manya da ƙananan tarwaɗa?
2. Wane lokaci ya fi dacewa a ɗauko 'ya'yan kifi?
3. Rubuta alamu 3 na ɗan kifi marar lafiya.