Asirin Ƙarkon Azara da Laso: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Babu Hakimin da bai san ɓarnar da damina ke yi wa gidajen talakawa a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba. Duk da haka, akwai sorayen kakanni da ke tsaye har yau. Asirinsu shi ne haɗa abu mai tauri da abu mai zare.

1. Ƙasa da ciyawa. Ƙasa tana ɗaukar nauyi, amma in ta bushe sai ta tsage. Ciyawa kuwa ba ta ɗaukar nauyi, amma tana da wuyar tsinkewa. In magini ya kwaɓa su tare, duk tsagar da ta taso sai ta tarar da zare a gabanta, ta tsaya.

2. Azara. Allah ya halicci giginya da zaruruwa masu tauri jere cikin nama mai taushi, mafi yawansu kusa da bayan itacen. Saboda haka azara takan ɗan tanƙwara ba ta karye ba, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi.

3. Laso. Ana haɗa katsi na marina da gashin jima na majema da ruwan dafara. Gashin yana hana tsagewa, dafarar tana riƙewa. Makuba kuma, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana ƙara wa yaɓe jure ruwa.

Masana'antu ma wannan hanya suka bi. A shekarar 1867 wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar dabararsa ta sa wayar ƙarfe cikin siminti. Jirgin sama Boeing 787, wanda ya fara jigilar mutane a 2011, wajen rabin nauyinsa haɗi ne irin wannan, yawanci zaren kabon cikin ƙaron masana'anta.

To, giginya takan yi shekaru da dama kafin ta ba da azara, amma a yini guda ake kayar da ita. Don haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada a sare giginya ko ɗorawa barkatai, a kuma yi yaɓe, a gyara indararo tun kafin ruwan fari. Malaman Hakimai kuwa su rubuta sunayen tsofaffin magina da yadda suke haɗa laso, gama ilmin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari.